Kalmar "settle": an yanke ne, an sasanta ne, ko an biya ne?

 Ina gaida iyayena makiyaya da ke ruga, rediyo na rataye a kafaɗa ko a reshen bishiya. Ina gaida 'yan kasuwa da direbobi da yaran mota da ke kan hanya, daga nan Garwa zuwa Gashiga da Demsa, daga Pitowa zuwa Gider, har waɗanda ke kama mu a tsallake, Yola da Jimeta da Mubi. Jam na? Allah Ya sa kowa ya wuni lafiya, da iyali da dabbobi.

Yau kalma ɗaya tak ta Ingilishi na ɗauko mana, ita ce settle, wadda kunnenmu ke ji kamar "setul". Wanda duk ya taɓa tsallaka iyaka da kaya ko da shanu ya ji ta, ko a bakin mai saye, ko a shingen hanya, ko a takarda. Na zaɓe ta ne saboda ta taɓa cin kuɗin gidanmu, kuma bari in fara da wannan labari kafin mu shiga fassara.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya kai bijimai tara wata kasuwar shanu a tsallaken Najeriya. Ciniki ya faɗa da wani mai saye da ke loda tirela zuwa kudu. Mutumin ya biya kashi biyu cikin uku a hannu, ya ce saura sai bayan mako biyu in ya dawo. Yaronsa ya fito da takarda da Ingilishi, aka ce wa kawu rasit ne na kuɗin da ya karɓa, ya dangwala yatsa. Mako biyu ya wuce, wata ya wuce. Da kawu ya matsa, sai mutumin ya zaro takardar ya ce ai babu sauran magana a tsakaninsu. Kawu ya kawo mini hoton takardar a waya, lokacin ban daɗe da gama karatun aikin jarida ba, ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, duba mini me na sa wa hannu." Na karanta, wallahi jikina ya yi sanyi. A layin ƙarshe an rubuta full and final settlement. Ma'anarsa, wannan kuɗi da na karɓa shi ne biya na ƙarshe, ba na bin kowa ko sisi.

Zan gaya muku yadda aka ƙare a gaba. Yanzu mu buɗe kalmar tukuna, mu ga abin da ke cikinta.

Asalin settle a tsohon Ingilishi daga kalmar wurin zama ta fito, danginta ɗaya da sit, wato zauna. In kun riƙe wannan, sauran ma'anonin ba za su ba ku wuya ba. Ku ɗebo ruwan Binuwai da damina, ja wur da laka, ku zuba a randa ku bar shi ya kwana. Da safe laka ta zauna a ƙasa, ruwa ya kwanta. Bature zai ce ruwan ya yi settle. Haka in garke ya wuce ƙura ta tashi, daga baya ta lafa, ita ma kalmar da zai yi amfani da ita ke nan. Abu ne da yake motsi, ya daina motsi. Daga nan kalmar ta yi rassa, kuma kowane reshe akwai inda yake taɓa mu.

Reshe na farko, zama wuri ɗaya. Mutum ya yi settle a gari, wato ya kafa gida ya zauna, Fulani su ce o jooɗi. Wannan ya shafi iyayena makiyaya kai tsaye, domin duk takardar hukuma ko ta masu ba da tallafi da ta ce za ta yi settle na makiyaya, nufinta a zaunar da su wuri guda, a rage yawon kiwo. Settlement a nan matsuguni ne. Waɗanda ke bin labaran Najeriya za su tuna shirin Ruga na shekarar 2019, wanda aka kira Ruga settlement, aka yi ta cacar baki a kansa har gwamnatin tarayya ta dakatar da shi a watan Yulin wannan shekara. In aka ƙara re a gaba, aka ce resettle, to an tashe ka ne daga inda kake an kai ka wani wuri, kamar yadda ake yi wa mutane in za a gina madatsar ruwa. Sai kuma settler. A Najeriya wannan kalma tana da nauyi, domin kishiyar indigene ce. Indigene ɗan asalin wuri, settler kuwa baƙo da ya zo ya zauna, ko da kakansa aka binne a garin. Don haka in ana cike maka takarda aka tambaye ka wanne ne kai a cikin biyun, ka san ba tambayar banza ba ce.

Reshe na biyu, biya. Settle the bill, biya kuɗin abin da ka ci ko ka saya. Settle the debt, biya bashi. A Faransanci régler ke nan, Fulani su ce yoɓi. Abin lura shi ne, settle a wannan ma'ana ba ta nufin ka rage bashi, tana nufin ka kashe shi gaba ɗaya. In wani ɓangare ka karɓa, kalmar da ya kamata a rubuta da Ingilishi ita ce part payment, ko deposit in kafin alƙalami ne, a kuma rubuta balance, wato ciko, da adadinsa da ranar biyansa. A ɓangarenmu na Kamaru acompte ko avance za ku nema, sannan reste, abin da ya saura. Ita kuwa full and final settlement, 'yar'uwarta a Faransanci ita ce pour solde de tout compte. An fi ganinta a takardar sallamar ma'aikaci, don haka direbobi da yaran shago da masu gadi, ku buɗe kunne. In ka sa hannu a ƙarƙashin waɗannan kalmomi, ka shaida da kanka cewa lissafi ya rufe.

Reshe na uku, sasantawa. Mutum biyu sun yi rigima, sun zauna, kowa ya sassauta, sun daidaita. Bature ya ce they settled. In magana tana kotu suka janye ta suka shirya a gida, ya ce settled out of court. A nan Kamaru kuna jin ana cewa arrangement à l'amiable, shi ne wannan. Mu kuwa muna da kalmomi da yawa: sulhu, sasanci, shiri, daidaitawa, Fulani su ce narral. A sulhu da wuya mutum ya sami duk abin da yake nema. Shi ya sa Ingilishi ke da settle for, wato ka haƙura ka karɓi abin da bai kai wanda ka so ba. Ka nemi jaka ɗari, ka yi settle for jaka saba'in.

Reshe na huɗu, raba gardama. Ana musu a kan shekarun sa, sai wani dattijo ya buɗe bakin san ya duba haƙora, musu ya ƙare. Bature zai ce that settles it, mu mu ce magana ta ƙare. Alƙali ma yana iya yin settle na rigima ta hanyar yanke hukunci. To kun ga inda haɗarin yake: kalma ɗaya tana ɗaukar sulhun da ka yarda da shi da bakinka, tana kuma ɗaukar hukuncin da aka ɗora maka ko ba ka so. In tafinta ya ce maka "an yi settle", bai gaya maka komai ba tukuna, sai ka tambaye shi wanne daga ciki.

Reshe na biyar ba a Ingila ya tsiro ba, a Najeriya ya tsiro. Ɗan kasuwa, musamman a cikin 'yan'uwanmu Ibo masu sayar da kayan gyaran mota da babur, yakan ɗauki yaro ya yi masa hidima shekaru, in wa'adi ya cika ya yi masa settle, wato ya sallame shi da jari ya buɗe nasa shagon. Wannan sallama ce ta alheri. Amma akwai ɗaya sallamar da kowa ya sani. Ka iso shinge, wani ya leƙo ta taga ya ce "settle us". Ba bashi yake binka ba, ba rigima kuka yi ba, na goro yake nema, abin da a titunan Kamaru ake kira tchoko. Yadda za ka bambance ba wuya: kuɗin hukuma yana da rasit mai hatimi da adadi a rubuce, receipt a can, quittance ko reçu a nan. Abin da aka karɓa aka sa a aljihu ba takarda, ba ya cikin lissafin duwan ko kwastan, kuma shinge na gaba bai san da shi ba.

To, ma'ana biyar ke nan a kalma ɗaya. Yanzu ga 'yan'uwanta, waɗanda ƙamus zai ce maka ma'anarsu ɗaya, alhali a takarda kowace da aikinta.

Ta farko decide. Wannan ita ce yanke shawara ko yanke hukunci. Wani abin sha'awa, asalinta a Latin daga kalmar yanka ta fito. Faransanci ma yana cewa trancher, wato datsewa da wuƙa. Fulani su ce taƴi kiita, mu mu ce yanke hukunci. Harsuna huɗu, duk wuƙa suka gani a cikin hukunci. Kuma gaskiya ne, abin da aka yanke ya rabu biyu, wani ya sami tsoka wani ya sami ƙashi. Decide ba ta buƙatar yardarka. Determine ma kusan haka take, sai dai ta fi karkata ga a bincika a tabbatar: a ƙayyade iyakar gona, a ƙayyade yawan ɓarna, a ƙayyade kuɗin fito.

Ta biyu conclude, a Faransanci conclure. Asalinta rufewa. In aka ce taro ya yi conclude, an kammala an tashi. Amma ku saurara da kyau a nan. In aka ce an yi conclude na yarjejeniya ko kwangila, ba a nufin ta ƙare, ana nufin an ƙulla ta, yanzu ma za ta fara aiki. Kamar yadda in mai saniya ya ce "na sallama", ciniki ya ƙare, amma biya da kora dabba yanzu suka fara. Kalmar da ke nufin an kashe yarjejeniya ita ce terminate, ko cancel, a Faransanci résilier ko annuler, mu mu ce an soke. Mai hayar shago ko rumfa a kasuwa, contract concluded albishir ne a gare ka, contract terminated kuwa ka fara neman inda za ka kai kayanka.

Ta uku resolve, warwarewa, kamar igiya ta harɗe ka bi ta a hankali ka kwance. Ita ce ta fi kusa da abin da muke nufi in muka ce an kashe wutar rigima, ba a bar garwashi a ƙarƙashin toka ba.

Sai kalmomin kotu guda uku da suke ruɗa mutanenmu a tsallake, domin duk ukun za ka ga kowa ya tashi ya fita, ka ɗauka an gama. Adjourned, an ɗage ne zuwa wata rana, renvoyé a Faransanci. In ba ka dawo ranar ba, ana iya yin hukunci ba ka nan. Struck out, an cire ƙarar daga jerin shari'u, sau da yawa don mai ƙara bai zo ba ko takardunsa ba su cika ba, kuma yana iya gyarawa ya sake shigar da ita. Dismissed kuwa an kori ƙarar, galibi ba a sake kawo ta gaban wannan kotu, sai dai a ɗaukaka ƙara. Wanda aka ce masa struck out ya koma ruga ya yanka rago yana murna, kada ya yi mamaki in sammaci ya sake biyo shi.

Jama'a, don ku ga bambancin yanke hukunci da kashe magana ba wasan ƙamus ba ne, ku dubi wannan iyaka da muke tsallakawa kullum. A watan Maris na 1994 Kamaru ta kai Najeriya ƙara Kotun Duniya da ke birnin Hague a ƙasar Holan, da farko a kan tsibirin Bakassi, daga baya aka haɗa da dukan iyakar tun daga tafkin Cadi har teku, tafiyar kilomita wajen 2,000. Kotu ta yi shekara takwas tana sauraro. Ranar 10 ga Oktoba 2002 ta yanke hukunci, ta dogara da tsofaffin takardun Turawan mulkin mallaka: na Ingila da Jamus na 1913 a can kudu, da na Ingila da Faransa na 1919 da 1931 a nan ɓangarenmu na arewa. Hukuncin wannan kotu ba a ɗaukaka shi. Da Ingilishi, the court decided. An yanke.

To magana ta ƙare a ranar? Ko kusa. Hukunci yana kan takarda a Turai, mutane kuwa suna zaune a garuruwansu, da gonakinsu da wuraren kamun kifinsu. Sai da shugaba Paul Biya da shugaba Olusegun Obasanjo suka zauna da Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, a birnin Geneva a watan Nuwamba na 2002, aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na ƙasashen biyu. A watan Disamba na 2003 Najeriya ta miƙa wa Kamaru ƙauyuka fiye da 30 a yankin tafkin Cadi, har da Darak. A watan Yuli na 2004 aka yi musayar wasu ƙauyuka a nan arewa, Narki ta dawo Kamaru, wasu suka koma Najeriya. Bakassi kuwa sai da aka sake zama a Greentree, kusa da birnin New York na Amurka, aka sa hannu a yarjejeniya ranar 12 ga Yuni 2006. An yi conclude ke nan, an ƙulla. Miƙa yankin gaba ɗaya bai tabbata ba sai ranar 14 ga Agusta 2008, wa'adin riƙon ƙwarya kuma ya cika a Agustan 2013. Dasa duwatsun iyaka ɗaya bayan ɗaya, a kan tsaunuka da bakin koguna irin su Mayo Tiyel, shi ma aikin shekaru ne masu yawa.

Ku lissafa da kanku. Daga hukunci a 2002 zuwa miƙa Bakassi a 2008 shekara shida ne, kuma abin da ya cike tsakanin zama ne da sasantawa. Ƙasashe biyu masu sojoji da manyan lauyoyi ma hukunci kaɗai bai ishe su ba, balle ni da kai da maƙwabcin da za mu haɗu da shi gobe a mashaya.

Wannan ya kawo mu ga rigimar da ta fi damunmu a wannan yanki, ta manomi da makiyayi. Kowace kaka, shanu na gangarowa, auduga da dawa ba a gama kwashewa ba, burtali ya ƙuntata, sai ɓarna. A Kamaru akwai dokar shugaban ƙasa mai lamba 78/263 ta ranar 3 ga Yuli 1978 a kan wannan matsala. Da yake Faransanci da Ingilishi duka harsunan hukuma ne a ƙasar nan, dokar tana da suna biyu: a Faransanci an yi amfani da règlement, a Ingilishi kuwa kalmarmu ta yau ce, settling. Dokar ta kafa kwamiti a ƙarƙashin supirefe, da wakilan ma'aikatar noma da ta kiwo, da sarkin gari da dattawa. Aikinsa ya ware wurin noma da wurin kiwo, ya fitar da burtali, ya kuma duba rigingimu. Amma kafin magana ta kai can, yawancinmu gaban jauro ko arɗo ko lawan muke fara zuwa, wani lokaci har fadar lamiɗo. In kuwa an kai ga sara ko rauni ko kashe dabba, wannan ya zama laifi, maganar jandarma da kotu ce.

Ga inda kalmarmu ke shigowa. An zauna gaban jauro, an kiyasta ɓarna, makiyayi ya biya jaka hamsin, an yi musabaha an watse. Shi makiyayi a ransa an yi settle na uku da na biyu a haɗe: an sasanta, an biya, magana ta mutu. Shi kuwa manomi wataƙila a ransa kafin alƙalami ya karɓa. Bayan sati biyu sai ga takardar kira. Haka kuma yakan faru ta ɗaya gefen: manomi ya karɓi rabi a kan za a kawo masa ciko bayan kasuwa, garke ya tsallaka iyaka da dare, shi ke nan. Ba lalle ne wani ya yi niyyar cuta ba. Sau da yawa kowa ya tashi ne da fassararsa, ba wanda ya tambaya.

Don haka ga abin da nake roƙonku, iyayena da yayyena, kuma ku gafarce ni, yaro ne ke magana a gaban manya. Duk inda aka ce maka an yi settle, ko c'est réglé, ko timmi, ko "an gama", yi tambaya huɗu kafin ka tashi. Ta ɗaya: hukunci aka yanke ko sulhu muka yi? In hukunci ne, wa ya yanke, kuma ina da damar ɗaukaka ƙara? Ta biyu: kuɗin nan duka ne ko wani ɓangare? In da saura, nawa ne, yaushe, a hannun wa, kuma da sefa ko da naira? Kada ku raina wannan na ƙarshe, kun san yadda canji ke hawa da sauka tsakanin kasuwa da kasuwa. Ta uku: bayan wannan, akwai wanda ke da damar sake tayar da maganar a wani wuri? Ta huɗu: ina takarda, kuma ina tawa? In gaban hukuma ne a Kamaru, ka nemi kofin procès-verbal, wanda ake kira PV. In gaban jauro ne, ko a takardar makaranta a rubuta, da Hausa ko Fulatanci ko ajami, shaidu biyu su sa hannu, a ɗauki hoto a waya. Malamanmu ma suna tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Sannan kada ka dangwala yatsa a takardar da wanda ya karanta maka ita yaron abokin cinikinka ne. Nemi naka mai karatu, ko ɗanka ne ɗan makaranta, ko ka tura hoton takardar ta WhatsApp ga wanda ka yarda da shi, ka jira amsa. Mai gaskiya ba zai ƙi jiran minti goma ba. A Najeriya akwai tsohuwar doka ta kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta ce wanda ya rubuta takarda a madadinsa sai ya sa sunansa da adireshinsa, abin da ke nuna an karanta masa an kuma yi masa bayani kafin ya sa hannu. In an taɓa yi maka irin ta kawuna, ka gaya wa lauya wannan, yana iya zama mafita. Amma rigakafi ya fi magani, kuma matambayi ba ya ɓata.

Na yi alkawarin ƙarasa muku labarin kawu. Takarda ta ɗaure shi, amma Allah Ya sa ba a ɓoye aka yi cinikin ba. Dillalin da ya karɓi la'ada yana nan, mai masaukinsa yana nan, kuma dukansu sun ji lokacin da mai saye ya ce saura sai mako biyu. Aka kai magana gaban shugabannin kasuwar. Mutumin ya ga in ya dage a kan takarda, ba dillalin da zai sake tsaya masa a wannan kasuwa. Aka yi ta kai da komo har wata huɗu. Daga ƙarshe ya biya rabin cikon, kawu ya haƙura da rabi. Da aka zo rubuta takarda ta biyu, kawu ya kira ni a waya, ya sa aka karanta mini ita layi layi ina fassara masa. A ƙarshenta an sake rubuta full and final settlement. Na ce, "Kawu, ka san abin da wannan ke nufi yanzu?" Ya ce, "Na sani, ɗana. Kuɗin sa ɗaya da rabi na biya na koye ta." Sannan ya dangwala.

Masu saurare, lokaci ya yi mana halinsa. In akwai wata kalma ta Ingilishi ko ta Faransanci da ta taɓa ruɗa ku a takardar duwan, ko ta asibitin dabbobi, ko ta kotu, ku aiko mana ta hannun wakilanmu a kasuwanni, ko ku kawo ta tasha in kun shigo Garwa, mu buɗe ta tare. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu duba kalmomin da ke kan takardar rigakafin dabbobi da takardar izinin tsallaka iyaka da garke, domin lokacin tafiya ya kusa. Masu zuwa kasuwar Pitowa ranar Lahadi, Allah Ya ba da sa'a. Waɗanda ke daji, Allah Ya tsare ku da dukiyarku.